Mota mai tarihi, tsohuwar da aka mayar ta tsere, ko sabuwar ƙira: wacce zaka saya in tseren tsofaffin motoci kake so?

Abin da ya fi kayar da mutane a harkar tseren tsofaffin motoci takarda ce, tun kafin ma a kai ga maganar gudu. Mutum zai zuba kuɗinsa ya sayi mota, ya ƙara wasu kuɗin wajen gyara, fenti na ƙyalli inji na ruri, sai ya cika fom na shiga tsere a dawo masa da shi a ce malam motarka bata cancanta ba. Kuma sau tari ba don jabu bace, gyaran ne ya wuce gona da iri, an ɗora mata birki ko giyabos ɗin da irinta bata taɓa gani ba a zamaninta. Wani kuma can gefe ya zo da motar da bara-bara aka gama waldarta, ko ƙusa ɗaya babu ta zamanin da a jikinta, amma an buga masa hatimi ya shige. In baka san yadda abin yake ba sai kace son kai ne, alhali tambayoyi biyu ne daban-daban mutane ke cakuɗawa.

Ta farko: wacece wannan motar? Wato ita ce ta fito daga kamfani a shekara kaza da lamba kaza, wane ya tuƙa ta, ta bi hannun wane da wane har ta iso yau? Wannan maganar asali kenan. Ta biyu: yaya aka haɗa ta? Girman injinta, kafireto, birki, faɗin taya, nauyi, sun yi daidai da yadda irinta take a wancan lokacin? Wannan maganar cancanta ce. Mota zata iya cin ta farko ta faɗi ta biyu, zata iya cin ta biyu kuma bata da asali ko na anini. Kowane mai shirya tsere akwai wacce ya fi damuwa da ita a cikin biyun, shi yasa ni a wajena sayen mota kafin ka san inda kake son ka yi tseren kamar ɗinka riga ne baka ga mai sawa ba.

Bari mu fara da takardun tunda su ne alƙalai.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da kundin doka na tsofaffin motoci da ake kira Appendix K. Ta raba motoci zamani-zamani da haruffa, A na waɗanda aka yi kafin 1905, C daga 1919 zuwa 1930, D daga 1931 zuwa 1946, har a zo kan F wanda ga motocin GT, wato masu gudu da ake hawa a titi, da na hawa na yau da kullum ya kama daga 1962 zuwa ƙarshen 1965, kuma nan ne kasuwar ta fi ci, don in kaji ana cewa tseren "kafin 66" to shi ake nufi. Ginshiƙin dokar ɗaya ne: abin da ba'a yi amfani da shi a irin wannan motar a wancan zamanin ba, kai ma baza kayi ba. Kuma kawo hujja a wuyanka yake, ba a wuyan hukuma ba. Hujjar farko ita ce takardar rajistar samfurin da kamfanin ya shigar wa FIA tun wancan lokacin, inda aka rubuta komai dalla-dalla da hotuna, domin a farkon shekarun 1960 sai kamfani ya ƙera guda 100 kafin a karɓi mota a ajin GT, guda 1000 kuma a ajin motocin hawa. In abin da kake son sawa baya cikin wannan takardar to sai ka nemo tsohon hoto ko rahoton mujalla ko takardar kamfani da ke nuna an taɓa sa shi a tseren ƙasa da ƙasa a lokacin.

In komai ya daidaita sai a baka fasfon motar, Historic Technical Passport, kowa dai HTP yake cewa. Ta hannun hukumar tsere ta ƙasarka ake nema, kamar Motorsport UK a Ingila ko FFSA a Faransa ko DMSB a Jamus, kuma shekara 10 yake yi kafin a sabunta.

Ka ɗauka yau ce ranar duba motarka. Mai dubawa zai zo da fom mai shafuka da yawa da kyamara da abin awo, ya sa a ɗaga motar a cire tayoyi. Zai leƙa birki ya ga mai faifai ne ko na duram, ya auna faɗinsa, ya ƙirga kafireto ya karanta lambar jikinsu, ya auna tsakanin tayar gaba da ta baya, ya manna maganaɗisu a ƙofa da bonet don ya gane ƙarfe ne ko alminiyam ko roba, a ɗora ta a sikeli. Sai ya tsaya a kan giyabos yace wannan mai giya biyar ne ai, takardar samfurin huɗu ta ce. Kace ai wanda ya sayar min ne ya sa don ta ji daɗin babbar hanya. Zai ce maka to madalla, amma sai ka cire. Shikenan an koma gareji, kuɗin giyabos biyu ya hau kanka, wanda ka saya da wanda zaka nemo. Abin lura a nan, duk tsawon wannan binciken ba wanda ya tambaye ka waye ya tuƙa motar a 1964.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. HTP ba shaidar asali bace, kuma ita kanta takardar ta faɗi haka a jikinta ƙarara, bata tabbatar da tarihin motar ko na kayan jikinta. Abin da take cewa kawai shi ne wannan motar da muka gani an haɗa ta daidai da ƙa'idar samfuri kaza na zamani kaza. Shi yasa kwafi sabo fil zai iya samunta in dai an kwaikwaya daidai. Kaga Lotus Elan 26R kusan 100 kacal kamfanin ya yi, Ford GT40 ma ɗari da 'yan kai ne, amma in ka bi filayen tseren Turai yau kana ƙirga masu kamarsu sai lissafi ya ƙi fita. To duk dillalin da ya ce maka "ai tana da takardun FIA" yana nufin ta gaske ce, ko dai bai sani ba ko yana so kai kar ka sani.

Ɗaya takardar ita ce katin FIVA, ƙungiyar tsofaffin ababen hawa ta duniya da aka kafa a 1966. Su a wajensu abin hawa na tarihi shi ne wanda ya kai shekara 30 aƙalla, aka adana shi a yanayinsa na tarihi, kuma ba shi ake hawa zirga-zirgar kullum ba. Katin nasu ya fi karkata ga wacece motar da abin da aka canza mata tsawon rayuwarta, kuma ya fi amfani a gasar nuna kyau da tseren kiyaye lokaci inda ba wanda ya riga isa ake nema ba. Baya maye gurbin HTP a filin gudu. Kamfanoni ma suna bada tasu shaidar, kamar sashen Ferrari Classiche da aka buɗe a 2006, wannan kam darajar kasuwa yake ƙarawa amma ba shi zai shigar da kai layin tashi ba.

To yanzu motocin. Kashi uku ne a gabanka.

Ta farko mai tarihi, wadda ita da kanta ta yi tsere a zamanin. Abin da kake saya a nan gayyata ce. Taron tseren Goodwood Revival da ake yi a kudancin Ingila tun 1998, a filin da ya yi aiki daga 1948 zuwa 1966, ba'a cika fom a biya a shiga, su ke zaɓar wanda suke so su aiko masa. Tseren tarihi na Monaco da aka fara a 1997 ana yinsa duk bayan shekara biyu shi ma sai an tace. Le Mans Classic da aka fara a 2002 yana karɓar samfuran da suka taɓa yin tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, amma in masu nema suka yi yawa, kuma kullum suna yin yawa, wadda ta taɓa taka filin da tayarta ita ake fara duba wa. Mota mai suna tana buɗe waɗannan ƙofofin ko da direbanta ba wani gwani bane. Kuma ita ce ke riƙe daraja, Ferrari 250 GTO guda 36 aka yi tsakanin 1962 da 1964, a 2018 aka sayar da ɗaya a gwanjo a Monterey ta Amurka dala miliyan 48.4. Wannan dai can ƙololuwa ne, akwai masu tarihi na ƙananan tsere da kuɗinsu bai kai ko kusa ba, amma ko a cikinsu tarihi kan ninka farashi.

Matsalar ita ce kalmar "ta asali" a motar tsere kalma ce mai santsi. Motar tsere ana yinta ne don a ci da ita wannan kakar, a buga ta a gyara, a canza inji a canza bodi, badi a sake mata fasali, ba wanda ke tunanin wani zai zo bayan shekara 60 yana lissafin ƙusoshi. Shari'ar da kowa ke kawowa a nan ita ce ta Bentley ɗin nan da ake kira Old Number One, wadda aka yi a babbar kotun Landan a 1990. Motar Speed Six ce, ta ci Le Mans a 1929 ta sake ci a 1930, Woolf Barnato na cikin direbobinta duka biyun. Daga baya aka sake gina ta a kan wani casis ɗin daban, wato ƙashin bayan da komai ke zaune a kai, aka sa mata inji mai lita 8, a 1932 ta yi mummunan haɗari a filin tsere na Brooklands wanda ya kashe direbanta Clive Dunfee, aka sake gina ta da wani bodin. Shekaru suka ja, mai ita Ed Hubbard ya yi ciniki da kamfanin Middlebridge a kan fam miliyan 10, sai masu saye suka ja da baya suka ce ai wannan ba ita ce ta ci Le Mans ba tunda kusan komai an canza. Alƙali Otton ya ba mai sayarwa gaskiya, hujjarsa kuwa ita ce tarihin motar bai taɓa yankewa ba, kowane canji a kan ita wannan motar aka yi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wata motar a duniya da zata ce ita ce Old Number One. Tun daga nan wannan ma'aunin na tarihin da bai yanke ba ya zauna a bakin mutanen harkar.

Amma ka lura da rabin hujjar na biyu, babu wata da ke da'awar sunan. Nan ne ake kwana a ciki. Mota ta yi haɗari a 1965, aka cire casis ɗin da ya lanƙwashe aka jefar bayan gareji aka sa sabo, motar ta ci gaba da tsere da lambarta. Bayan shekara 20 wani ya tsinci tsohon casis ɗin ya miƙe shi ya gina mota a kai, shi ma da wannan lambar. Yanzu motoci biyu lamba ɗaya, ɗaya na da tarihin da bai yanke ba ɗaya na da ƙarfen asali, kowa da lauyansa. Ya faru ba sau ɗaya ba, har akwai masu kuɗin da maganin da suka samo shi ne su saye duka biyun su haɗe su. Don haka in wannan layin zaka bi, kuɗin mai bincike ba asara bane: a bi sunayen masu ita ɗaya bayan ɗaya ba giɓi, a gwada tsofaffin hotuna da wuraren walda da ramukan ƙusa na jikinta, a duba lambar casis ko an goge an sake bugawa, yanzu har ɗan ƙarfen ake gwadawa a ɗakin bincike a ga ko haɗinsa na wancan zamanin ne. Giɓin shekara 15 da aka ce "tana ajiye a wani rumbu" ba tare da ko rasit ɗaya ba, ni dai a nan nake fara ja da baya.

Sai kuma abin da ba'a cika faɗa ba, mai tarihi bata cika yin gudu ba. Ƙarfe ya gaji, kuma mai ita ma zuciyarsa na dukan uku-uku a kowace kwana. Shi yasa zaka shiga garejin mai irin wannan motar ka ga wani akwatin katako a lungu an lulluɓe, ka tambaya a ce maka ai injinta na asali ne mai lambar da ta dace da casis, an cire an shafe shi da mai an ajiye, wanda ke cikinta sabon zubi ne da in ya fashe ba'a yi asarar tarihi ba. Wasu ma gaba ɗaya suke sa a ƙera musu kwafinta su riƙa tsere da shi, ta gasken tana gida. Kaga kenan an biya kuɗin asali amma da kwafi ake gudu, abin dariya abin tausayi.

Ta biyu ita ce tsohuwar motar hawa ta zamanin, wadda bata taɓa tsere ba, aka tuɓe ta aka gina ta bisa Appendix K. Irin su MGB, Mini Cooper S, Lotus Cortina, Ford Mustang ta 1965, Alfa Romeo Giulia, Porsche 911 ta farko mai inji lita 2. Nan ne mafi yawan masu tseren gaske suke, kuma in ka tambaye ni nan zan tura duk wanda yake so ya tuƙa ba ya ajiye ba. Tana da shekarun, tana da lambarta ta kamfani ba rigima, kayan gyara na samuwa, in ka goga ta a bango mai gyaran bodi zai miƙe ta ba tare da an kira masanin tarihi ba. Da HTP a hannu filaye da yawa na Turai a buɗe suke gare ka, Spa da Silverstone da sauransu, har ma akwai gasar da kamfanin Peter Auto ke shiryawa ta 911 masu lita 2 na kafin 66 zalla, kowa da irin motar kowa.

Tarkonta guda biyu ne. Na ɗaya shi ne kayan "ingantawa" da masu ita na baya suka ɗora, irin giyabos ɗin can, ko birki mai faifai a baya inda duram ya kamata, ko inji da aka faɗaɗa ya wuce ƙa'ida, ko faffaɗan wili. Motar da aka gyara don jin daɗin titi sau da yawa ta fi wadda ba'a taɓa ba tsadar mayarwa kan doka. Taya ma ba zaɓinka bace, yawancin tseren kafin 66 tayar tsere ta Dunlop mai tsohon zane ake sawa, wadda bata kama ƙasa kamar ta yau, kuma ita ce ma ke sa motocin suna zamewa a kwana abin sha'awa. Na biyu shi ne kar ka ɗauka arha ce don ƙaramar mota ce. Shiga arha ne, cin tsere kuwa wani abu ne daban. Motocin gaba-gaba a wannan ajin yau sun fi yadda suke a zamaninsu gudu nesa ba kusa ba, don ƙarfen yanzu ya fi, injin sassaƙa ya fi daidaito, man inji ya fi, kuma an shekara 60 ana nazarin inji ɗaya. A takarda duk daidai suke da ta 1965, a fili kuwa ko direbobin wancan lokacin sai sun riƙe baki. Wasu masu shiryawa har iyaka suke sa wa juyin inji don a rage wannan gasar ta aljihu, kamar yadda ake tsayar da injin Cosworth DFV a juyi 10,000 a minti a tseren tsofaffin motocin Formula 1 na gasar Masters. To in burinka ka shiga tsakiyar tawaga ka sha daɗinka, lafiya lau. In kofi kake so, ka shirya sabunta inji akai-akai.

Wani ɗan bayani da ke da amfani: a wajen FIA fasalin motar ne ke yanke mata zamani, shi yasa motar da aka ƙera bayan 1965 zata iya samun fasfon F in gangar jikinta iri ɗaya ce kuma an mayar da komai na lokacin. Amma mai shirya tsere yana da ikon cewa shi dai sai wadda aka ƙera a cikin zamanin. Fasfo na baka damar nema ne kawai, baya tilasta wa kowa ya ɗauke ka.

Ta uku sabuwar ƙira, kuma ita ma iri biyu ce. Akwai wadda wani gareji mai zaman kansa ya kwaikwaya, akwai wadda kamfanin asali da kansa ya ce ya "ci gaba" da ƙerawa. Jaguar ne suka fi tallata wannan, a 1963 sun yi niyyar yin E-type mara nauyi guda 18 suka tsaya a 12, sai a 2014 suka ce zasu cike ragowar 6 ɗin da lambobin da aka bari. Suka biyo da XKSS guda 9 a madadin waɗanda gobarar masana'antarsu ta Browns Lane ta cinye a 1957, sannan D-type guda 25. Aston Martin suka yi DB4 GT guda 25, Bentley suka yi Blower guda 12. Aiki ne mai kyau ba ƙarya, ƙarfe sabo, ba tsatsa ba gajiya, ba wanda zai kai ka kotu kan lamba, kuma in an gina ta kan ƙa'ida zata samu HTP.

Sai dai ita ce ta fi kowacce rashin tabbas wajen karɓuwa, ga ta da tsada. Sunan kamfani a takarda baya mayar da motar 2015 ta zama ta 1963. Inda ake duba ƙa'ida kawai zaka shiga, inda ake duba asali kuwa sai yadda mai gida ya ga dama, kuma ra'ayinsu na canzawa. Inda na ga kwafi yana da hujja mai ƙarfi shi ne inda na asalin suka ƙare, kamar Ferrari 156 mai hancin kifin shak ta 1961 wadda kamfanin ya farfasa dukkansu, in ba kwafi ba ba mai sake ganin irinta tana gudu, kuma irin wannan ko manyan wurare sukan yi maraba da ita. Amma kwafin motar da na gaskenta ke nan da yawa suna neman gurbi, kai ne na ƙarshe a layi. Ga kuma maganar titi, da yawa daga cikin waɗannan ba'a yi musu rajistar hawa hanya don a doka sababbin motoci ne da basu cika sharuɗɗan yau ba.

Akwai wuraren da kwafi ko kusa baya zuwa. Mille Miglia ta Italiya, wadda aka yi ta gaske daga 1927 zuwa 1957 daga Brescia zuwa Rum a dawo, aka farfaɗo da ita a 1977 a matsayin tseren kiyaye lokaci, sharaɗinta shi ne samfurin ya kasance cikin waɗanda suka shiga ta asalin, motar kuma ta zamanin ce da gaske, kuma sai ta shiga rajistarsu. Abin daɗin shi ne ba manyan motoci kaɗai suka yi ta ba a da, ƙananan Fiat irin Topolino da 1100 da Renault 4CV duk sun shiga, don haka ƙaramar mota mai asali tana da ƙofar da kwafin Ferrari na miliyoyi bashi da ita. Dillalai ma sun gane, da zarar samfuri na cikin jerin sai kuɗinsa ya tashi. Haka tafiyar Landan zuwa Brighton ta watan Nuwamba, sai motar da aka tabbatar an ƙera ta kafin 1905, shekara ɗaya in ta goce an gama magana.

In kuma duk wannan ya yi maka nauyi akwai ƙungiyoyi masu tasu dokar. VSCC ta Ingila da aka kafa a 1934 ta motocin kafin yaƙin duniya na biyu ce, tana da tata takardar cancanta, kuma tana karɓar motar haɗe-haɗe in dai manyan kayan na zamanin ne, shi yasa zaka ga casis na wannan kamfanin da injin wancan, wani ma injin jirgin sama ne a ciki, ƙaramar Austin 7 kuma ita ce ƙofar shigar masu ƙaramin ƙarfi. A Amurka kowace ƙungiya da nata littafin, yawancinsu basa neman HTP, sun fi sassauci a kan taya da wasu kayan, amma sun fi tsanani a kan hali, akwai dokar nan ta 13/13 da in ka bugi wani da laifinka zaka iya shan dakatarwa ko zaman gwaji na wata 13. Illar ita ce motar da aka gina kan dokar wata ƙungiyar Amurka in aka kawo ta Turai sau da yawa sai an warware rabin aikin. Babban taronsu na Monterey a filin Laguna Seca, wanda ya samo asali tun 1974, shi kam tarihin mota yake dubawa sosai.

Abu ɗaya da bai bin zamani ko wacce ka zaɓa shi ne kayan kariya. Abin kashe gobara, makashin lantarki, hular kwano da rigar da wuta bata ci, da bel da kejin ƙarfe a ajin da doka ta wajabta, duk na yau ake nema kuma wasunsu suna da ranar ƙarewa. Ga mai tarihi wannan ma wani ciwon kai ne, don walda keji a jikin motar da ba'a taɓa hudawa ba kamar yanka ne a naman mai ita.

In aka ce in zaɓa, wanda bai taɓa tsere ba ya fara da ta biyu, kuma ya sayi wadda wani ya riga ya gina ta samu fasfo ta yi kaka ɗaya ko biyu, ya fi arha nesa a kan ginawa daga tushe. Wanda Goodwood ko Monaco ko Mille Miglia ce mafarkinsa kuma aljihu zai ɗauka, ba makawa sai mai asali, ya kashe kuɗin bincike kafin na saye. Sabuwar ƙira sai wanda ya riga ya san takamaiman gasar da zata karɓe shi.

Kuma ko wacce ce, kafin ka biya ko sisi ka rubuta wa mai shirya tseren da kake hari, ka tura masa lambar casis da hotuna da kwafin takardun ka ce in na saya zaku ɗauke ta? Ka karɓi amsar a rubuce. Sannan ka ɗauki HTP ɗin ka tsaya gaban motar shafi-shafi kana gwada hotunan ciki da abin da idonka ke gani, don ana samun fasfo da kafireto ɗaya a dawo gida a sa wani, ka duba lambar da ke manne a jikin motar ta yi daidai da ta takardar, ka kuma duba shekarar ƙarewarsa, domin in saura wata shida ya mutu to kai ne zaka tsaya gaban mai dubawa da maganaɗisunsa, kuma da dokar yau zai auna ta ba da ta shekara 10 baya ba.